Idan Famfon Hasken Rana Ya Tsaya: Binciken Allon Lantarki da Sauya Shi Cikin Kiyayewa

A ce wata safiya cikin watan Afrilu mata sun jera bokitai da bido a bakin famfo. Rana ta ɗaga, amma ruwa bai zo ba. Mai gadin shato ya leƙa akwatin da ke rataye ƙarƙashin farantan hasken rana, ya ga wata jar fitila tana ƙiftawa. Kafin azahar magana ta gama gari cewa kart ta ƙone. Ƴan kwamitin ruwa sun fara lissafin abin da ya rage cikin asusu, wani matashi mai ƙoƙari kuma ya riga ya ɗauko turnabis yana so ya buɗe akwatin ya gani da idonsa.

A irin wannan rana ana iya yin hasara iri biyu. Ana iya sayen sabon allo da kuɗi masu yawa alhali tsohon lafiyarsa lau. Ana kuma iya rasa ran mutum. Wannan darasi zai nuna muku yadda ake kauce wa duka biyun. Ba zai mayar da ku masu gyara ba, amma zai sa ku san abin da za ku iya dubawa da kanku, da inda ya kamata ku tsaya, da abin da za ku sa ido a kai sa'ad da mai gyara yake aiki.

Mene ne wannan allo?

A garuruwa da ƙauyuka da dama na Arewa, daga Matankari da Ɗan Kasari har zuwa Kore Mai Ruwa da Gesheme, da kuma cikin garake na fadamar Mawri, hasken rana ne ke ɗago ruwa daga foraj. Abin ba sabo ba ne a ƙasarmu. Shehun malami Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ma'aikatar binciken makamashin rana shekaru da dama kafin rasuwarsa a 1991. Cikin shekarun 1990 kuma wani babban shiri na ƙungiyar CILSS, da kuɗin Tarayyar Turai, ya kafa famfuna masu aiki da rana fiye da 600 a ƙasashen Sahel. Bayan da Nijeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar a watan Agusta na 2023, aka yi watanni ana fama, sai mutane suka ƙara karkata ga farantai.

Famfon rana yana da sassa uku manya. Akwai farantai, waɗanda muke kira pano, su ke mayar da haske wuta. Akwai moter da famfo can cikin rijiya. Tsakaninsu akwai akwatin sarrafa wuta, wanda masu gyara ke kira kofare ko ondilar. Cikin wannan akwati ne allon yake. Faifai ne siriri, galibi kore, an zana masa hanyoyin tagulla kamar rubutu a kan allon makaranta, an kuma dasa masa ƙananan kaya masu yawa. Shi ne ake kira kart. Aikinsa shi ne ya karɓi wutar farantai, wadda ke tafiya gefe guda kullum, ya daidaita ta yadda moter ke buƙata, ya rage gudu in hadari ya rufe rana, ya kuma tsayar da famfo in ya ga haɗari. Irin wannan allo yana cikin wasu injunan walda, da firijin ajiye allurar rigakafi a likita, da manyan gurup na zamani. Abin da za ku karanta a nan ya shafe su ma.

Ku lura cewa ba duka famfuna ke da tsari ɗaya ba. Akwai samfurin kamfanin Grundfos mai suna SQFlex wanda allonsa ke cikin moter ɗin kansa, can ƙarƙashin ruwa. Kamfanin Lorentz kuwa yana barin allonsa a akwatin da ke sama. Saboda haka abu na farko shi ne ku san irin famfon da kuke da shi, ku rubuta sunansa da lambarsa a littafin kwamiti tun yana da lafiya.

Abin da ke kashe allo a ƙasarmu

Farantai kan yi shekara ashirin ko fiye suna aiki. Akwati ba ya kai haka, kuma zafi ne babban maƙiyinsa. A kan allo akwai wasu kaya masu kama da ƙananan gwangwanaye, ana kiransu kondansater. Masana sun daɗe da sanin cewa duk lokacin da zafinsu ya ƙaru da digiri 10, kwanansu kan ragu da kusan rabi. To ku dubi Dogon Dutsi a watan Afrilu da Mayu, inda zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, sannan ku yi tunanin akwatin da aka rataya a rana ko aka kulle cikin ɗakin kwano marar taga. Ƙurar hunturu kuma tana toshe ƙofofin iska, tana lulluɓe haƙarƙarin ƙarfen da ke bayan akwati, waɗanda aikinsu shi ne fitar da zafi.

Da damina tsawa ce abin tsoro. Ba sai ta faɗo kan shato ba. Ko da nesa kaɗan ta sauka, ƙarfinta yana iya bin wayoyi ya shiga allo. Maganin wannan shi ne sandar tagulla da aka kafa cikin ƙasa aka haɗa ta da ƙarafan farantai da akwati, tare da wata ƴar na'ura mai tare tsawa. Sau da yawa za ku tarar wayar ƙasa ta tsinke ko an cire ta, babu wanda ya kula.

Sai kuma ƙananan halittu, waɗanda ake rainawa. Zanzaro yana gina ɗakinsa na laka a ƙofar iska. Tsaka da ƙadangare suna shiga neman ɗumi su kwanta kan hanyoyin wuta biyu su haɗa su. Ɓera yana cin rigar waya. Ramin da bai kai girman ɗan yatsa ba ya ishe su.

Ku fara bincike daga waje

Jar fitila ba ta nufin allo ya mutu. Sau da yawa ma tana nufin allo yana aikinsa ne: ya ga matsala a wani wuri, ya tsayar da famfo don ya kare shi. Mutumin da ya sauya allo saboda jar fitila kamar wanda ya kori mai gadi ne domin ya yi ihun ɓarawo.

Ga abin da mai gadi ko ɗan kwamiti zai iya yi ba tare da buɗe kome ba. Ya dubi fitilun akwati, ya rubuta launinsu da yawan ƙiftawarsu. In akwai lamba ko haruffa a gilashin akwati, ya kwafe su daidai, harafi bayan harafi, ko ya ɗauki hotonsu da salula. A nan ne karatunku zai yi muku rana, domin kowace lamba tana da fassara cikin littafin na'ura, kuma mai gyara da ke Doso ko Yamai yana iya gane rabin matsalar tun bai taso ba. Ya rubuta ranar da famfo ya tsaya da lokacin, da abin da ya faru kafin nan: an yi ruwa da tsawa? An haɗa gurup? Ruwa yana ta raguwa ne kwana da kwanaki, ko tsayawa ya yi farat ɗaya?

Daga nan ya dubi farantai. Ƙura mai kauri, da kashin tsuntsaye, da inuwar reshen bedi da ya tsawaita, duk suna rage wuta. Inuwa a kan faranti guda tana iya raunana jerin duka. Ya dubi shato, domin akwai ƴar na'ura mai yawo a kan ruwa da ke gaya wa allo cewa shato ya cika. In ta maƙale, allo zai ɗauka shato cike yake, ba zai tayar da famfo ba. Akwai wata kuma cikin rijiya mai tsayar da famfo in ruwa ya yi ƙasa, kamar yadda kan faru a ƙarshen rani. Ya bi wayoyi da ido, ba da hannu ba, ko akwai inda dabba ta taka ko aka sara da fartanya. Ya kusanto akwati ya sunsuna, ko akwai ƙaurin roba, ya duba ko akwai baƙin hayaƙi a gefensa.

Iyakar aikinsa ke nan. Sauran na wanda ya koyi aikin lantarki ne. Kafin ma a kira kowa, a duba takardun famfon. In wa'adin garanti bai ƙare ba, buɗe akwati yana iya soke shi. Tun bayan dokar ruwa ta shekarar 2010, a ƙauyuka da yawa komin ce ke da kayan ruwan sha, ita kuma ta damƙa gudanarwa ga ɗan kwangila. In haka abin yake a garinku, a sanar da shi da ofishin magajin gari tukuna.

Wutar da ba ta mutuwa in an kashe makunni

Wannan sashe ku karanta shi sau biyu, ku kuma karanta wa wanda bai iya ba.

A gida, in an kashe kontar, wuta ta tafi. Mutane sun saba da haka, shi ya sa famfon rana ke yaudararsu. Farantai ba su da makunni a jikinsu. Muddin akwai haske, akwai wuta a wayoyinsu, ko da safiya ce, ko da hadari ya rufe. Faranti guda yana ba da wajen bolt 30 zuwa 50. Amma ana jera su ne ɗaya bayan ɗaya, ƙarfinsu yana haɗuwa. Jerin goma yana iya kai bolt 400, a manyan famfuna ma har ya wuce 600. Wutar NIGELEC da ke cikin gidaje wajen bolt 220 ce, kun kuwa san tana kisa.

Wutar farantai tana da wani mugun hali kuma. Wutar gida kai da komo take yi, tana ratsa sifiri sau 100 cikin daƙiƙa guda, saboda haka tartsatsinta kan mutu da kansa. Ta farantai ba ta komawa baya. In aka zare mahaɗin waya alhali famfo yana aiki, tartsatsin yana iya ci gaba da ci kamar na walda, ya ƙona hannu da ido. Don haka ba a raba mahaɗin farantai sai an tsayar da famfo an kuma buɗe makunnin da ke tsakanin farantai da akwati.

Ko bayan an raba akwati da farantai, da sauran magana. Waɗannan gwangwanaye da muka ambata aikinsu ajiye wuta ne. Kamar randa suke: an rufe famfo, amma randa tana nan cike. Suna iya riƙe ɗaruruwan bolt bayan fitilun akwati duka sun mutu. Masu ƙera na'urori kan rubuta a murfi ko cikin littafi tsawon lokacin da za a jira, galibi minti 5 zuwa 15. A bi abin da aka rubuta. In babu rubutu, a jira mafi tsawo. Kada a yarda da dabarar nan ta haɗa bakin gwangwani da turnabis don a zubar da wutar nan take. Tana fashewa da ƙara, tana narka ƙarfe, tana kuma lalata allon da wataƙila bai mutu ba.

Mai gyara na ƙwarai ga yadda za ku gan shi yana yi. Zai tsayar da famfo daga maɓallinsa. Zai raba gurup ko wutar gari, in akwai, da batir in akwai. Zai buɗe makunnin farantai ya sa masa kwado, ya jefa makulli cikin aljihunsa, ya rataya takarda mai cewa ana aiki, kada a kunna. Wannan kwado ba raini ba ne ga kowa. Mutum mai kyakkyawar niyya yana iya zuwa ya ga makunni a buɗe ya ce bari ya taimaka. Sannan zai jira. Bayan jira zai auna da ma'aunin wuta, wanda ake kira miltimetir, kuma zai fara gwada ma'aunin a kan wani abu da ya san yana da wuta, ya auna akwati, ya sake gwada ma'aunin. Dalili shi ne ma'aunin da ya lalace shi ma sifiri yake nunawa. Ƴar turnabis mai fitila da ake gwada wutar gida da ita ba abin dogaro ba ce a nan.

Zai cire zobe da agogon ƙarfe. Zai sa busassun takalman roba, ya tsaya a busasshen wuri, domin gindin shato ba ya rabuwa da laima, jiƙaƙƙen jiki kuma wuta ta fi saurin ratsa shi. Ba zai yi aiki shi kaɗai ba: wani zai tsaya kusa, wanda ya san inda makunni yake. A kuma kori yara daga wurin. In aikin ya shafi wayoyin farantai kansu, gara a yi shi bayan faɗuwar rana, ko a lulluɓe farantan da bargo mai kauri wanda haske ba ya ratsawa, a kuma auna duk da haka. In kun ga mai gyara ya zo babu ma'auni, ya kama cusa hannu, kuna da ikon ku ce ya dakata.

Yadda ake tabbatar da cewa allon ne

Mai gyara zai auna wutar da ke zuwa daga farantai, ya gwada ta da abin da aka rubuta a bayansu. Zai duba fiyus, ya duba ko wani kusar waya ya saki, domin sakakkiyar waya tana zafi har ta ƙona mazauninta. Sannan zai cire wayoyin moter daga akwati ya auna su su kaɗai. A moter mai waya uku, awon tsakanin kowace biyu ya kamata ya zo kusan daidai. Zai kuma auna ko wuta tana zurarewa daga waya zuwa ƙasa, abin da kan faru in ruwa ya shiga mahaɗin da ke cikin rijiya. Na'urar wannan awo tana tura bolt 500 ko fiye, shi ya sa dole a raba moter da akwati kafin a yi shi.

Sai duk waɗannan sun fito lafiya ake tuhumar allo. Alamunsa su ne gwangwanin da kansa ya kumbura ko ya zubo da ruwa, baƙin tabo, hanyar tagulla da ta tsinke, ko tsatsa mai kore inda laima ta shiga.

Ko an ga allo a ƙone, tambaya guda ta rage, kuma ita ce ta fi kowace tsada in an manta da ita: me ya ƙona shi? In moter ne ke da ciwo, ko famfo ya cije da yashi, ko wayar ƙasa ta tsinke, sabon allo zai bi sawun tsohon cikin ɗan lokaci. Ku nemi mai gyara ya gaya muku sanadin, ya rubuta shi a littafin kwamiti. In ya ce bai gano ba, to ya faɗi abin da ya auna da abin da ya samu.

Sayen sabo da ɗora shi

Alluna biyu suna iya kama da juna kamar tagwaye, amma aikinsu ya bambanta. Abin da ake bi shi ne lambar da ke jikin allo da ta jikin akwati, ba kama ba. A kwafe su duka, a ɗauki hoto. Wasu kamfanoni ba sa sayar da allo shi kaɗai, sai akwatin gaba ɗaya. Kayan da aka ciro daga wata matacciyar na'ura suna da araha a kasuwa, amma araha ba ta ado, kuma ba mai mayar muku da kuɗi in ya ƙi aiki. A saya wurin wakilin kamfani ko wanda ya kafa famfon, a karɓi rasit mai ɗauke da lambar kayan da wa'adin garanti.

Sabon allo yana zuwa cikin wata jaka mai ƙyalli. A bar shi ciki har lokacin ɗorawa. Kun san yadda bargo ko riga ke ɗan tartsatsi da dare a lokacin hunturu. Wannan wuta ce da ke taruwa a jikin mutum in iska ta bushe. Mutum ba ya jin ta sai ta kai dubban bolt, alhali abin da bai kai haka ba nesa ya isa ya kashe ƙananan kayan allo, babu ƙara, babu hayaƙi. Saboda haka mai gyara kan ɗaura wani madauri a wuyan hannu wanda aka haɗa da ƙarfen akwati, amma sai bayan ya tabbatar babu sauran wuta. Ana riƙe allo ta gefe-gefensa, ba a miƙa shi hannu zuwa hannu don jama'a su gani.

Kafin a cire ko waya guda, a ɗauki hoton yadda suke, a manna wa kowace takarda mai lamba. Wayoyin farantai biyu, mai alamar ƙari da mai alamar ragi, in aka juya su suna iya ƙona sabon allo nan take. In tsohon yana manne da ƙarfen sanyaya da wani farin man shafawa, a goge tsohon man a shafa sabo siriri, domin shi ke miƙa zafi ga ƙarfe. A ɗaure kusoshi da kyau ba tare da an tsaga allo ba. A share ƙura da busasshen buroshi, a toshe ramukan da ƙwari ke bi, a ƙirga kayan aiki don kada a manta da wani a ciki, a rufe murfi, sannan a mayar da wuta.

A wasu akwatuna sai an shigar wa sabon allo bayanin moter, wato ƙarfinsa da yawan wutar da yake ci, kamar yadda suke a ɗan faifan da ke jikinsa. Tun da moter yana can ƙarƙashin ruwa, kwamitin da ya kwafe wannan bayani ranar kafa famfo ya huta da fito da bututu. In famfo ya tashi amma ruwa ya zo kaɗan, mai yiwuwa moter yana juyawa baya ne saboda an musanya wayoyinsa biyu. Kada mai gyara ya tafi sai an ga ruwa yana zuba yadda ya saba da tsakar rana, akwati kuma bai yi zafin da ya wuce kima ba.

In haɗari ya auku

In wuta ta kama mutum, kada ku taɓa shi da hannu, za ta kama ku tare. A kashe makunni. In ba a iya ba, a ture shi da busasshen icce, mai turewar yana tsaye a busasshen wuri. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 cikin minti guda, ana neman abin hawa. Ko ya miƙe ya ce babu kome, a kai shi likita, domin wuta tana iya taɓa zuciya ko ta ƙona nama daga ciki. In akwati ya kama da wuta, ba a zuba masa ruwa. A raba shi da farantai in ana iya kai wa makunni lafiya, a yi amfani da busasshen yashi ko tulun kashe gobara mai gari.

Tsohon allo kuma kada a bar wa yara su yi wasa da shi, kada a jefa shi cikin wuta don a ciro tagulla. Da yawansu akwai dalma a jikinsu, hayaƙinsu guba ne. A sa shi cikin jakar da sabon ya zo ciki, a rubuta ranar da aka cire shi, a mayar wa wanda ya sayar da sabon. Wani lokaci gwangwani guda ne kawai ya mutu, ƙwararre yana iya sauya shi, allon ya zama na ajiya.